ALLON TALABIJIN: Wanzami ba ya son jarfa

Daga cikin wasannin kwaikwayo na talabijin da Faransa ta fitar a ƴan shekarun nan, da wuya a sami wanda ya kai « Le Bureau des Légendes » suna. Éric Rochant ne ya tsara shi, tashar Canal+ ta fara nuna shi ran 27 ga watan Afrilu na shekara ta 2015, ta rufe a 2020 bayan zango 5, kowane zango kashi 10. Ba wasa ba ne na kowa da kowa, domin babu rawa babu waƙa, harbe-harben ma kaɗan ne, yawancin abin da ake gani mutane ne zaune cikin ofis suna magana ƙasa-ƙasa. Sai mai jin Faransanci kuma mai haƙuri. Amma wanda ya daure ya bi zangon farko har kashinsa na 10, ko a Birni yake ko a Zango, ko can Damagaram Takaya, zai tashi da tambaya guda wadda ba ta bukatar Faransanci: mutumin da ya sayar da asirin ƙasarsa don ya ceci macen da yake so, mai amana ne ko maci amana?

Kafin a kai ga amsa, wajibi ne a warware wa mai karatu zaren labarin. A bakin ƴan leƙen asiri, kalmar « légende » ba tatsuniya take nufi ba. Rayuwa ce ta aro da ake ɗinka wa jami'i kamar riga: suna, takardar haihuwa, fasfo, sana'a, makarantun da ya yi, har abokan ƙuruciya. Ofishin da wasan ya ɗauki sunansa, wanda aka ce yana cikin DGSE, wato hukumar leƙen asirin Faransa ta ƙasashen waje mai mazauni a Boulevard Mortier cikin birnin Faris, shi ne mai ɗinka waɗannan riguna da lura da masu sa su. Aikin jami'in da aka tura ba sata ba ne, ba kisa ba. Zai zauna cikin mutane shekara da shekaru, ya ci abincinsu, ya halarci bikinsu da zaman makokinsu, yana rubuta sunayen waɗanda ake iya saye ko a tilasta musu su yi wa Faransa aiki.

Guillaume Debailly, wanda Mathieu Kassovitz ya fito a matsayinsa, ya yi shekara 6 a Dimashƙu ta ƙasar Siriya da sunan Paul Lefebvre, malamin Faransanci. A ofis kuma ana kiran sa Malotru, wato marar ladabi, domin al'adar gidan ce a raɗa wa jami'ai laƙabi daga zage-zagen Kaftin Haddock na littattafan Tintin, waɗanda duk wanda ya zauna bencin lakkwal ya san su. Mutum guda, suna uku. A Dimashƙu ya haɗu da Nadia El Mansour, malamar tarihi, matar aure, suka ƙulla soyayya a ɓoye. Da aka kira shi gida, doka ta ce ya yanke hulɗa da kowa, ya mayar da takardun aro, Paul Lefebvre ya mutu. Bai yi haka ba. Ya riƙe sunan, ya zille wa jami'ai biyu da aka sa su bi sawunsa, ya nemi Nadia, sai ga ta a Faris. Abin da bai sani ba shi ne ita ma da nata asirin ta zo: tana cikin tawagar wata tattaunawa ta ɓoye tsakanin gwamnatin Siriya da ƴan adawa. Jami'an tsaron Siriya da ke gadin tawagar suka fara tambayar ko wane ne wannan malami da ke ganin ta da dare. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Da abin ya fito fili, hukumar DGSE ta ga dama ta samu, aka sa Guillaume ya bayyana mata ko shi wane ne, ya nemi ta yi musu aiki. Ta ƙi. Mutanenta suka mayar da ita Siriya, aka kulle ta.

A nan kashi na 10 ya tarar da mai kallo. A ofis murna ake yi, domin an kuɓutar da Cyclone, jami'in da ya ɓace a Aljeriya tun kashin farko, kuma dabarar Guillaume ce ta yi aiki, har girma yana jiran sa. Ita kuwa Nadia babu mai ambaton ta, tun da ba jami'arsu ba ce, ba ta kuma karɓi tayinsu ba. A lissafin hukuma ba a bin su bashin kome. Sai Guillaume ya juya wajen Amurkawa, ya miƙa kansa ga hukumar CIA: zai zama idonsu da kunnensu a cikin DGSE, su kuma su fitar masa da Nadia daga kurkuku. A nan ne kuma mai kallo yake gane cewa muryar da ke ba shi labari, wadda ya ɗauka zuci ne ke magana, amsa ce Guillaume yake bai wa Amurkawa, da na'urar gane ƙarya ɗaure a jikinsa. Wannan dabara ta masu tsara wasan ta yi kyau ƙwarai, domin shi kansa mai kallo an yi masa abin da aka yi wa Nadia: ya daɗe yana sauraron mutum, bai san da wa mutumin yake magana ba.

Idan aka kawo wannan labari fadar samari, inda ake dafa shayi ana warware duniya, ba a rasa ɓangare biyu. Na farko zai ce namiji ke nan: shi ya jefa ta cikin rami, shi ya kamata ya fid da ita, ko da zai rasa kome. Na biyu zai ce wanda ya ci gishirin ƙasa, ya yi rantsuwa, ba shi da ikon ya sayar da abin da ba nasa ba saboda mace. Duka biyun suna ɗaukar cewa amana biyu ce ta yi karo, ta zuciya da ta ƙasa, aka ce mutum ya zaɓi guda. Haka ma wasan yake so a ɗauka, shi ya sa aka ba Kassovitz fuskar nan ta mai haƙuri wanda duniya ta matsa wa.

To amma a bi lissafin sannu a hankali. Amanar farko da Guillaume ya ci ta Nadia ce, kuma ya ci ta tun ranar da ya ce mata sunansa Paul. Shekarun da suka yi tare, ita tana son mutumin da babu shi, shi kuma ya san sunanta na gaskiya, da gidanta, da mijinta, da irin hukuncin da ke jiran ƴar Siriya idan aka same ta da ɗan leƙen asirin Faransa. Ta biyu ta hukumarsa ce, ranar da ya ɓoye takardun aro. Ta uku ta Nadia ce kuma, domin da ya neme ta a Faris ya fi kowa sanin cewa kiran nan na iya zama ajalinta, ya kira duk da haka, saboda kewa ta dame shi. Abin da ya yi a kashi na 10 shi ne na huɗu. Saboda haka ba mutum ne mai amana biyu da aka tilasta wa zaɓe ba. Mutum ne da ke cin bashi a wannan rumfa don ya biya waccan, kuma duk lokacin da ya ci, da dukiyar wani yake jingina.

Zangunan da suka biyo baya sun nuna masu dukiyar. Amurkawa suka yi ta jan ƙafa kan alkawarinsu, suna ƙara neman bayani. Marina Loiseau, yarinyar da shi da kansa ya horar kafin a tura ta Iran da rigar masaniyar girgizar ƙasa, bayanan da ya ba CIA ne suka kai ta hannun jami'an tsaron Iran. Henri Duflot, shugaban ofishin, dattijon da ya yarda da shi kamar ɗa, ya rasa ransa a hanyar neman ceto shi bayan ya faɗa hannun ƴan Da'esh. Ƴarsa Prune ta girma da uba wanda ba ta san lokacin da yake faɗin gaskiya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shawarta. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. A nan son bai tsaya ga hana shi ganin laifin masoyiya ba, ya hana shi ganin sauran mutane ɗungum.

Wannan ba ya wanke hukumar. Hasali ma a nan wasan ya fi ƙarfi, ko masu shi sun nufa ko ba su nufa ba. Gida ne da sana'arsa ita ce koya wa mutum yadda zai shiga zuciyar wani da ƙarya, ya gano inda yake da rauni, bashi ne ko mace ko ɗa marar lafiya, ya matsa wurin har mutumin ya sayar da ƙasarsa. A kan haka ake ba da lambar yabo. Amma ran da aka matsa wa nasu a daidai wurin da suke matsa wa na wasu, sai ka ji ana salati ana cewa cin amanar ƙasa. Wanzami ba ya son jarfa. Abin da CIA ta yi da Guillaume shi ne abin da Guillaume ya so ya yi da Nadia, babu bambanci ko na ƙwayar gero, sai dai ita ta ce a'a, shi kuwa da ƙafarsa ya kai kansa.

Ita Nadia fa, ba waliyyiya ba ce, kuma dattijon Damagaram da ya ji an ce matar aure ce zai tsaya nan, ya ce ai magana ta ƙare. Yana da hujjarsa. Ta ci amanar aure, wasan kuma ya wuce wannan da sauri kamar ba kome ba, mijin ma bai sami wurin da zai faɗi nasa ba. Amma a cikin dukan mutanen zangon farko, ita kaɗai ce aka ɗora wa wuƙa a wuya aka ce ta zaɓa tsakanin tsira da amana, ta zaɓi amana, alhali ba ta jahilci halin gwamnatin da za ta koma hannunta ba. Ba don ƙaunar masu mulkin Dimashƙu ta ƙi ba. Ta ƙi ne don an aiko ta da aiki, kuma don ta gane cewa mutumin da ya yi mata ƙarya shekara da shekaru yanzu yana so ya mai da soyayyar tasu igiya. Zineb Triki, ƴar asalin Maroko da ta fito a wannan matsayi, ba ta yi kururuwa ba, ba ta fasa kwano ba. Kallon da ta yi masa ya isa. Abin takaici, wasan ba nata ba ne. Da aka rufe ƙofar kurkuku, na'urar ɗaukar hoto ta koma Faris, wajen baƙin cikin wanda ya jawo.

Wannan batu na inda na'ura take tsayawa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Damagaram. Masu wasan sun sami haɗin kan DGSE, wadda ta yarda a yi amfani da sunanta da tambarinta, kuma ba ta ɓoye jin daɗinta da yadda aka nuna ta ba. Kashi 50 mai kallo yana zaune a cikin ofishin, yana shan gahawa da su, yana fargaba idan nasu ya shiga hatsari, har ya wayi gari yana yi musu addu'ar nasara. Siriya da Iran da hamadar Sahara fili ne kawai na aiki, mutanensu kuwa ko abin farauta ko abin tsoro. Alhali ƙasar nan tana wancan gefen allon. Sunan DGSE ba baƙo ba ne a Nijar: an sha ambaton sa a zancen mutanen da aka sace a Arlit cikin watan Satumba na 2010, waɗanda huɗun ƙarshe ba su kuɓuta ba sai watan Oktoba na 2013, an kuma sha jin sa a bakin hukumomin Yamai tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, wanda ya kai ga ficewar sojojin Faransa a watan Disamba na shekarar da rufe ofishin jakadancinta.

Tun kafin a san talabijin ma, Damagaram ta ga irin wannan wasa da idonta, kuma ba na kwaikwayo ba. A 1898 Kaftin Cazemajou ya sauka birnin a matsayin baƙo mai wucewa. Fadar Sarki Amadu Kuran Daga ta yi shakkar abin da ya kawo shi da inda ya nufa, musamman zancen Rabe da ke gabas, aka kashe shi tare da tafintansa Olive a watan Mayu. Shekara guda bayan haka aka yi yaƙin Tirmini, Nasara suka shiga birni, aka bi Kuran Daga aka kashe, aka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Basa. A 1906 kuma aka kai wa Nasara labari cewa sarki da manyan gari suna shirya musu tawaye. Aka tuɓe sarki aka kai shi Kodebuwa. Cikin waɗanda aka kama har da Malam Yaro, babban attajirin da ya yi hulɗa da Faransawa tun zuwansu, da tafinta Ali Diallo wanda a bakinsa suke jin gari. Mulki ya koma hannun Ballama, bawan fada, har 1921, ba a sake naɗa sarki daga gidan sarauta ba sai Barma Mustafa a 1923. Har yau masana tarihi suna muhawara ko an shirya tawayen da gaske, ko kuwa ƙulli ne na masu neman gindin zama. Littafin Camille Lefebvre na 2021, « Des pays au crépuscule », ya sake buɗe takardun wannan zamani na Damagaram da Agadas. (Sunan dangin marubuciyar ya zo daidai da sunan aron Malotru, amma wannan katari ne kawai.) Abin da babu muhawara a kansa shi ne, magana ce da aka raɗa a kunne ta raba gidan Tanimun da gadonsa shekara 17.

Marigayi André Salifou, ɗan Damagaram, masanin tarihi wanda ya jagoranci Taron Ƙasa na 1991, ya mai da wannan al'amari wasan kwaikwayo, Mahamane Bakabé kuma ya ɗauke shi a fim mai suna « Si les cavaliers » a farkon shekarun 1980. Wanda ya kalli wannan fim ya kalli na Rochant zai ga kayan aikin ɗaya ne: baƙo, tafinta, ɗan rahoto, amini da ba a san inda ya sa gaba ba. Bambancin shi ne a na Bakabé na'urar tana cikin fada, tare da waɗanda aka leƙa asirinsu. A garin da ƙungiyar Yazi Dogo ta saba tara jama'a gaban Tele Sahel da wasannin Hausa, ba gwanintar ba da labari ce ta yi ƙaranci ba. Kuɗi da kayan aiki ne babu, shi ya sa labarin Ballama ya tsaya a fim guda, na Malotru ya kai kashi 50 ya zaga duniya.

Akwai kuma wata ɓarna da wasan bai lissafa ba ko sau ɗaya. Rigar da aka ɗinka wa Guillaume ta malamin makaranta ce. Duk wanda ya yi karatu a lise Amadu Kuran Daga a zamanin da ake turo malamai daga waje ya san cewa akwai waɗanda suka zo da zuciya ɗaya, suka sha zafin bazara da ƙarancin ruwan Damagaram, suka koyar da lissafi da adabi, suka koma ba su cuci kowa ba. Kowane Paul Lefebvre guda yana shafa wa ɗari irinsu kashin kaji. Haka likita, haka mai binciken ƙasa, haka ma'aikacin ƙungiyar agaji. Idan yau baƙo ya sauka wani ƙauye na Damagaram Takaya da littafin rubutu a hannu yana tambayar zurfin rijiya, mai gari ya dube shi sau biyu, ba ƙauyanci ba ne. Ƙasa ce da aka san ta da karɓar baƙo, tun zamanin ayarin Agadas da fataken Tarabulus da ke sauka Zango. Wanda ya ci moriyar wannan hali da sunan aro ya ɓata abin da ba ya iya gyarawa, ko ya yi kuka a kashi na 10 ko bai yi ba.

Duk da haka wasan ya cancanci kallo, kuma a yaba wa masu shi da ba su ba jaruminsu lada ba. An fitar da Nadia daga kurkuku a zango na 2, amma ba ta sake samun ƙasa ba, ba ta kuma sake samun natsuwa ba. A ƙarshen zango na 5, wanda Jacques Audiard ya ɗauki kashinsa biyu na ƙarshe, wani jami'in Rasha da Guillaume ya yaudara ya rama, kuma bai taɓa Guillaume ba: Nadia aka kashe. Amurkawa sun sayi labarin sun sake ɗinka shi da sunan « The Agency », aka fara nunawa a ƙarshen 2024, da Michael Fassbender a matsayin jami'in CIA da ya dawo Landan bayan shekara 6 a Adis Ababa. A wannan karo masoyiyar ba ƴar Siriya ba ce, ƴar Sudan ce, malamar jami'a, ita ma matar aure. An matso da labarin cikin Afirka, Cadi kaɗai ke tsakanin ƙasarta da tafkin da ke gabas da Damagaram. Na'urar ɗaukar hoto kuwa tana nan inda take, bayan kafaɗar jami'in.